Ƙayar Cukurova: Aikin Daji da Teku a Ƙagaggun Labaran Turkawa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen nazarin adabi. A darasin tarke an koya mana ra'in muhalli, aka ce kowa ya zaɓi adabin wata ƙasa ya gwada ra'in a kansa. Na zaɓi Turkiyya, na samo fassarar littafin Ince Memed na Yashar Kemal. Gaskiya shafukan farko sun gundure ni: duwatsu, fadama, ƙaya, launin ƙasa, sai da aka jima kafin a kai ga mutum. Har na fara tsallake irin waɗannan wurare. Shin wannan dogon siffanta daji ado ne kawai, ko yana da aiki a cikin labarin? Kuma ta ina zan kamo shi da ra'in muhalli?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Abu na farko da zan roƙe ki shi ne ki koma ki karanta shafukan da kika tsallake, domin rabin aikinki yana cikinsu.

Ra'in muhalli tambaya ɗaya yake ƙarawa a kan waɗanda muka saba yi a tarke. Mun saba tambayar jigo da salo da zubi da tsari da taurari. Shi kuma sai ya ce: ƙasar da mutanen nan suke takawa fa, da ruwan da suke sha, da tsuntsayen da ke wucewa ta samansu, yaya marubucin ya ɗauke su? Wani Ba'amurke, William Rueckert, shi ya raɗa wa wannan nazari suna a wata maƙala a 1978. A 1992 masu yin sa suka kafa ƙungiya a Amurka, a 1996 kuma Cheryll Glotfelty da Harold Fromm suka fitar da kundin maƙalun da ya zama tubalin fannin. A Turkiyya, Serpil Oppermann da Ufuk Ozdag da suka koyar a jami'ar Hacettepe da ke Ankara suna cikin waɗanda suka shigar da shi makarantu. To amma marubutan da za mu yi magana a kansu sun riga ra'in. Sun rubuta abin da suka gani da idonsu tun kafin a sama masa suna, kuma wannan ya kamata ya tsaya miki a rai duk lokacin da kike ɗora ra'i a kan littafi.

Mu fara da wurin. Cukurova wani shimfiɗaɗɗen fili ne a kudancin Turkiyya, tsakanin duwatsun Toros da Bahar Rum. Koguna biyu ke ratsa shi, Seyhan da Jeyhan, babban birninsa Adana. A tsakiyar ƙarni na 19 yawancinsa fadama ce da dajin kyauro da sauro, wurin da makiyaya ke saukowa su yi hunturu da garkensu, in zafi ya shigo su hau duwatsu. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya sa auduga ta yi tsada a duniya, a 1865 kuma daular Usmaniyya ta Turkawa ta tura runduna ta tilasta wa ƙabilun makiyaya zama wuri ɗaya. Daga nan aka shiga mayar da filin gonar auduga. Bayan yaƙin duniya na biyu tarakta ta shigo da tallafin Amurka: a 1948 taraktocin Turkiyya ba su kai 2,000 ba, a 1952 sun haura 30,000. Manomin da ke noma gonar mai ƙasa a raba amfani sai ya wayi gari ba a bukatarsa. An haifi Yashar Kemal a 1923 a ƙauyen Hemite da ke bakin kogin Jeyhan, ya rasu a Istanbul a 2015. Ya tsinci auduga, ya yi gadin ruwa a gonakin shinkafa, ya zauna a Kadirli yana rubuta wa talakawa takardun koke. Sauyin nan a gabansa aka yi shi.

Yanzu ɗauko Ince Memed, wanda ya fito a 1955. Ana furta shi Inje Memed, ma'anarsa Memed siriri. Ki lura da yadda idon marubucin yake tafiya a buɗewar littafin. Yana farawa daga bakin teku, ya keta ƙasa mai albarka, ya wuce fadama, yana hawa yana hawa har ya kai inda ƙasa ta tsuke ta koma tsakuwa. Sai da ya gama nuna miki ƙasa mai kyau sannan ya ajiye ki a wurin da tauraronsa yake, wani tudu da sunansa yake nufin filin ƙaya, mai ƙauyuka biyar, dukkansu mallakar mutum ɗaya, Abdi Aga. Kafin a ambaci zalunci ko sau ɗaya, tafiyar nan ta riga ta gaya miki wa aka tura ina.

Sai ƙayar. Turkawa suna ce mata cakirdikeni. Ta fi ƙarangiyarmu tsayi da kauri, amma duk wanda ya taɓa keta gonar ƙarangiya ba takalmi ya san abin da ake nufi. Marubucin ya tsaya a kanta kamar malamin tsirrai: irin ƙasar da take so, launinta da bazara, yadda take bushewa ta yi fari. Sannan ya nuna miki yaro Memed yana huɗa a cikinta, ƙafafunsa suna jini, amfanin da zai fito kuma mafi yawansa rumbun Abdi Aga zai tafi. Ɗalibai da yawa suna isa nan su rubuta cewa ƙaya alamtarwa ce ta zalunci, su rufe littafi. Ba su yi kuskure ba, sai dai sun tsaya a rabin hanya. Ƙayar tsiro ce ta gaske, tana bunƙasa a ƙasa maras ƙarfi, kuma abin da ya sa yaron yake huɗa a cikinta shi ne ba shi da ikon zaɓar gona. Ciwon ƙafarsa da tsarin mallakar ƙasa abu guda ne. Shi ya sa da Memed ya yi tunanin 'yanta ƙauyukan, abin da ya zo masa tare da raba gonaki shi ne a cinna wa ƙayar wuta kafin huɗa. Littafin ma da wannan yake rufewa: mutanen tudun suna ƙona ƙaya duk shekara kafin su sa garma. Mai ra'in muhalli a nan yake samun abin faɗa, domin gyaran zaman mutane da gyaran ƙasa sun zo a aiki ɗaya.

A shekarar 1955 ɗin ya fitar da wani gajeren littafi, Teneke, wato gwangwani. Wani matashin kantoma ne aka turo wani gari a Cukurova, masu kuɗin da ke noman shinkafa suka yaudare shi ya sa hannu a takardun izini, suka saki ruwa ya malale wani ƙauye, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kama yara. Da ya gane ya tsaya musu, sai suka sa aka ɗauke shi daga garin, aka raka shi da kiɗan gwangwani. Idan malaminki yana son misali na yadda riba take gurɓata ruwa ta koma cuta a jikin talaka, ga shi nan a littafin da za ki gama cikin yini biyu.

Akwai littattafansa biyu da na tabbata za su taɓa ki, domin abin da ke cikinsu ba baƙo ba ne a wurinmu. Ortadirek na 1960 labarin cin rani ne. Duk shekara ƙauye guda yake tashi daga duwatsu ya gangara fili tsintar auduga don ya biya bashin da ya ci. Ba su da kalanda. Wani tsoho ne yake duban busasshiyar ƙayar da iska ke mirginawa ya ce lokaci ya yi. Wannan ilimi ne irin na tsofaffinmu da ke duban shamuwa su ce damina ta kusa, kuma marubucin ya ba shi girmansa, ya nuna kuma irin asarar da ake yi idan aka kuskure shi. Na biyun shi ne Binbogalar Efsanesi na 1971, labarin wasu makiyaya 'yan ƙabilar Yoruk da suka sauko neman inda za su yi hunturu suka tarar ko'ina ya zama gona mai takarda. Duk inda suka kafa tanti sai a zo a karɓi kuɗi ko a kore su. Wani tsohon maƙerinsu ya shafe shekara talatin yana ƙera takobi da fatan ya kai wa manya su ba su ƙasa kamar yadda sarakunan da suke yi, ya tarar zamanin da takobi ke sayen ƙasa ya wuce. Wanda ya ga yadda gonaki suka cinye burtali a ƙasar Hausa zai karanta wannan littafi da wani irin nauyi a ƙirji. Ni dai ban taɓa gama shi ban yi shiru na wani lokaci ba.

A nan sai na ja kunnenki. Kada ki mayar da Yashar Kemal mai kukan a bar daji yadda yake. Fadamar da yake siffantawa da ƙauna ita ce kuma matattarar sauron da ya kashe mutanen yankinsa, kuma bai ɓoye hakan ba. Duwatsun da ke ɓoye Memed su ne kuma suke kashe matafiyi da sanyi. Abin da yake tuhuma shi ne yadda aka yi sauyin: wa ya ci riba, wa aka kora, me aka hallaka ba tare da an tsaya an duba ba. Ɗalibin da ya shiga littafin da ra'i a hannu yana neman marubuci mai cewa daji alheri ne, ci gaba sharri ne, zai fito da abin da babu shi a ciki.

Za ki fi ganin darajar abin da ya yi idan kika ajiye shi gefen wanda ya gabace shi. A 1932 Yakup Kadri Karaosmanoglu ya fitar da Yaban, labarin wani hafsan soja ɗan Istanbul da ya rasa hannu a yaƙi ya je ya zauna a wani ƙauyen Anatoliya, ɓangaren Turkiyya da ke Asiya. A idonsa filin nan fako ne, busasshe, maras fara'a, mutanensa ma kamar ƙasar tasu. Wannan kallon ɗan birni ne da ya zo daga waje. Shi kuwa Yashar Kemal yana kiran kowace ciyawa da sunanta, ya san warinta, ya san watan da take fure. Saboda haka duk inda kika ci karo da siffanta daji, ki fara da tambayar idon wa ke kallo, kuma mai idon nan ya taɓa noma wurin ko wucewa yake yi.

Mu bar tudu mu gangara teku, domin adabin Turkawa yana da wani reshe da ruwan gishiri ya raina. A 1925 kotu ta yanke wa Jevat Shakir hukuncin zaman gudun hijira a Bodrum, wani gari a bakin teku, saboda wani rubutu da ya yi. Hukuncin ya ƙare ya ci gaba da zama a garin, ya ɗauki laƙabin Masuncin Halikarnas, wato tsohon sunan garin, ya yi ta rubutu a kan masunta da masu nutso, yana kuma shuka itatuwa. Amma wanda na fi so ki nema shi ne Sait Faik Abasiyanik, gwanin gajeren labari, wanda ya zauna a tsibirin Burgaz kusa da Istanbul ya rasu a 1954. Yana da labarin da kifi ne tauraronsa, muna kallon ƙugiyoyin masunta daga ƙarƙashin ruwa. Yana da wani da ba abin da ke faruwa a cikinsa sai mutuwar kifi ɗaya da aka rataye, launinsa yana canzawa sannu a hankali. A 1952 ya fitar da Son Kushlar, wato tsuntsayen ƙarshe. Wani ɗan kasuwa ne yake zuwa tsibirin da kaka yana kama ƙananan tsuntsaye da danƙo don a dafa masa da shinkafa, wani injiniya kuma yana biyan yara su ɗaye ciyawar bakin hanya a kai lambun gidansa. Mai ba da labarin ya ƙare da gaya wa yara cewa su abin zai fi shafa, domin manya sun riga sun ga tsuntsaye da kore. Shekara goma ke nan kafin littafin Rachel Carson na 1962 da ake cewa shi ya farkar da Amurka a kan illar maganin ƙwari.

Yashar Kemal ma da ya daɗe a Istanbul ya juya ga teku. A 1978, shekarar da aka raɗa wa ra'in muhalli suna a Amurka, ya fitar da littattafai biyu. Kushlar da Gitti, wato tsuntsaye ma sun tafi, ya ginu a kan wata tsohuwar al'adar birnin: yara su kama tsuntsaye a filin Florya, su kai ƙofar masallaci ko coci ko wurin ibadar Yahudawa, mai neman lada ya saya ya saki, yana fatan tsuntsun ya jira shi a ƙofar aljanna. A littafin wasu yara uku sun cika kejinsu, suka zaga birni, ba mai saye. Gine-gine suna cinye filin da tsuntsayen ke sauka, tausayi kuma yana ƙarewa a zukatan mutane, marubucin ya ɗaure biyun da igiya ɗaya. Ƙarshensa yana da ɗaci, ba zan ɓata miki shi ba.

Ɗayan shi ne Deniz Kustu. Fassararsa mafi kusa ita ce teku ya yi fushi, irin fushin da masoyi ke yi ya daina magana. Ki riƙe sunan nan, domin mutuntarwa ce mai aiki: wanda ake iya ɓata wa rai yana da haƙƙi ke nan. Tauraron, masunci Selim, ya shaƙu da dolfin, dabbar tekun nan mai shayarwa da ke bin jiragen ruwa tana tsalle. Sai aka shiga karkashe su a tekun Marmara da ke gefen Istanbul ana tafasa kitsensu a sayar. Selim yana gargaɗin cewa in dolfin suka ƙare kifi ma zai ƙaurace, ba mai saurarensa. A gefe guda kuma ana farautar wani matashi, Zeynel, a titunan Istanbul, jaridu suna kumbura laifinsa. Farauta biyu ke nan a littafi ɗaya, kuma da gangan aka jera su. Sai a 1983 Turkiyya ta hana kamun dolfin. A 2021 wata irin dalala mai kauri ta rufe saman Marmara, wadda Turkawa suka kira yawun teku, sakamakon ƙazantar birane da masana'antu da ake zubawa da kuma ɗumamar ruwan. Masu karatu da yawa sun tuna da littafin a lokacin.

Misali na ƙarshe zai faɗaɗa miki ma'anar muhalli, don kada ki ɗauka sai inda akwai itace da tsuntsu. Latife Tekin, wadda aka haifa a 1957 a wani ƙauyen Kayseri ta taso a Istanbul, ta fitar da Berci Kristin Cop Masallari a 1984, tatsuniyoyin juji. Mutanen da ƙauye ya kora ne suka kafa unguwa cikin dare a kan bolar birni, aka sa mata suna Tudun Furanni. Duk abin da aka saba samu a siffanta daji yana nan, sai dai a juye. Dusar ƙanƙara tana zuba, amma farin gari ne daga masana'antar magunguna. Akwai ruwan zafi mai shuɗi da mutane suka yi murna da shi suna wanka da wanki, ashe dagwalon masana'anta ne, fata ta fara saɓulewa. Iska tana kwashe rufin gidaje. Tsuntsayen teku suna shawagi a kan shara. Waɗannan jikokin manoman da tarakta ta kora ne, zaren da ya taso daga Cukurova ya zo nan ya ƙulle. Shekara tara bayan fitowar littafin, ranar 28 ga Afrilu 1993, iskar gas da ta taru a jujin Umraniye a Istanbul ta fashe, shara ta rufto kan gidajen da ke ƙasa, mutum 39 suka mutu.

Game da aikin da aka ba ki, shawarata ki tsaya a kan Ince Memed tunda shi ke hannunki, ki ɗauki ƙayar kaɗai. Ki bi ta daga farkon littafi zuwa ƙarshe da fensir, duk inda ta fito ki sa alama. Ki rubuta wa ke cikinta a wannan wurin, me yake yi, gonar ta wa ce, wane lokaci ne na shekara, me ya canja tun fitowarta ta baya. Za ki ga tana da tarihi a cikin labarin kamar kowane tauraro: ta fara a matsayin abin da ke yanka ƙafar yaro, ta ƙare a matsayin abin da jama'a ke taruwa su ƙona. Idan kina da sarari, ki kwatanta da labarin tsuntsayen Sait Faik, shafuka kaɗan ne. Ki kuma faɗa a gabatarwarki cewa fassara kika karanta, domin sunayen tsirrai da Yashar Kemal ya kwaso daga bakin mutanen Cukurova suna da yawa har sai da marubuci Ali Puskulluoglu ya haɗa ƙamus na kalmominsa don amfanin Turkawa kansu, kuma irin waɗannan kalmomi su ne farkon abin da ke zubewa a hanyar fassara.

Allah Ya ba da sa'a, Malama. In kin gama, ki turo mu gani.